Shebur Ya Ƙi Cin Abinci

Kearney, Nebraska
Tsakiyar Agusta, 1998

Zuwa ga Yaya Rhonda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya teku, ya sanyi, ya ƙarnin kifi? Ina fata jirgin bai juya miki ciki kamar bara ba. Mu nan lafiya lau. Ciwon bayan nan ya yi sauƙi tun da na daina ɗaga katako ni kaɗai. Masara ta yi kyau bana, duk inda ka duba kore shar. Aikin shago kuma sai godiya.

To ga labari, ki nemi wuri ki zauna. Krista ta zo gidana.

Kin san tun da muka rabu da uwarta yarinyar nan ba ta taka ƙofata ba. In na buga waya, “Lafiya lau, Baba,” ne kawai, ta ajiye. Ran nan ina cikin shago ina goge katako sai ga motar uwarta Colleen ta tsaya a bakin titi, ta sauke ta, ta wuce. Ta yi tsawo, ta yanke gashi, ba za ki ce shekararta sha biyar ba. Ga wani ɗan kofin roba mai murfi a hannunta.

“Baba, Mama ta ce ba a gidanta ba. Ko ka karɓa, ko in mayar wa mai shi.”

Na leƙa. Maciji, Yaya! Ni da kika sani, tun ranar da kika saka min ɗaya a takalmi muna yara ko igiya na gani a ciyawa sai na yi tsalle. Amma wannan bai fi fensir ba. Ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigo, hancinsa a ɗage, irin masu hancin aladen nan. Watan jiya aka ƙyanƙyashe shi, wurin wani mai kiwonsu a Omaha ta saya. Wai sunansa Shebur, saboda hancin.

Kafin ta rufe baki na ce na karɓa. Ko kada ta kawo, da na buɗe masa banɗaki.

Ta yi ta zuba bayani, ni kuwa tuni na ɗauko tef ina awon bango. Kin san ƙanenki, in dai aikin hannu ne ban bar wa kowa ba. Na haɗa masa gida mai tsawon ƙafa biyar, gaba gilashi, baya katako mai sheƙi, ga babbar fitila a sama. Na zuba farin yashi, na jera duwatsu daga bakin kogin Platte. A falo na ajiye shi, kusa da talabijin, don kada kaɗaici ya dame shi. Da Krista ta dawo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Baba, ya yi girma.” Na ce ai da ma haka nake so.

Matsala ɗaya ce, ya ƙi cin abinci. Ta bar min jariran ɓera a firiza, jajayen nan da ba su yi gashi ba. Duk sanda na miƙa masa sai ya fasa kai, ya yi huci kamar tayar mota tana sacewa. Ke da kika yi shekaru kina kiwon macizai a Denver kafin teku ta ɗauke ki, ki faɗa min dabarar. Ƙaramin abu ne na sani.

Ta ce duk Asabar za ta riƙa zuwa duba shi. Kin gane ai. Macijin nan ba zai mutu a hannuna ba.

Ƙanenki,
Lyle


Tashar Dutch Harbor, Alaska
Ƙarshen Agusta

Lyle, auta,

Na gaishe ka, na kuma gaida ’yata Krista. Wasiƙarka ta same ni yau da muka shigo sauke kaya. Lafiyata ƙalau, sai dai yatsu da suka tsattsage da ruwan gishiri. A tsaye nake rubutu, kan wani akwatin kifi, ruwa na ɗiga daga rigata. In takardar ta jiƙe ka yi haƙuri, jirgin ba ya jiran kowa.

Na yi murna da zuwan Krista har na rungume wata ’yar Filifin da muke yankan kifi tare, ita ko sanin dalili ba ta yi ba. Da na kai wurin gida mai ƙafa biyar kuwa, dariya ta kusa jefa ni ruwa. Kai dai ba ka canza ba. An ba ka abu kamar fensir, ka gina masa filin jirgi!

Saurara. Jaririn maciji abincin kowa ne, kuma ya sani. Shaho, kyanwa, har manyan ’yan uwansa. Ka ajiye shi a fili fetal, fitila a ka, talabijin na ihu, ga ƙaton mutum yana leƙe, ta ina zai ji yunwa? Tsoro ya cika masa ciki. Hucin da fasa kan duk burga ce, ko ya kawo sara baki a rufe yake kawowa.

Ka sayi akwatin roba irin na ajiye takalmi, mai murfin da ke kamawa gam, ka huda ƙananan ramuka don iska. Ƙanana na ce, in kansa ya shiga to jikinsa ya fita. Ka kai shi ɗakin da ba a yawan shiga.

Yashin nan ka zubar, yana shiga masa hanci, in ya haɗiya kuma ya toshe masa ciki. Dusar katako za ka zuba, mai zurfi kamar tsawon yatsanka, don hancin nan na haƙa ne, sai ya nutse hankalinsa ke kwanciya. Ta farin itacen asfen za ka nema, mara ƙamshi, ana sayarwa a shagon kayan dabbobi. Kada ka kuskura ka zuba ta itacen sida, wadda na san ta cika shagonka. Ƙamshinta guba ne gare su.

Ɗumi kuma ta ƙasa ake ba shi. Akwai ’yar shimfiɗar lantarki da ake sawa ƙarƙashin ɓangare ɗaya na akwatin, da na’urar da ke hana ta wuce kima. Wancan gefe ya yi ɗumi, ƙasa kaɗan da ɗumin jikinka, wannan gefe ya zama mai sanyi, shi zai zaɓi inda yake so. Maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe, bututun kwali ma ya isa. Ruwa a ɗan murfi mara zurfi. Sannan abin da zai fi maka wuya: ka ƙyale shi. Mako guda ba taɓawa, ba leƙe.

Ɓeran ka narkar a ruwan ɗumi har ya yi laushi, ka miƙa da hantsaki, ba da yatsa ba. In ya ƙi, kada ka matsa.

An buga ƙahon jirgi. Ka ce da Krista gwaggonta na alfahari da ita.

Yayarki, yi haƙuri, yayarka, kaina ya ɗauki zafi,
Rhonda


Kearney
Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan yatsun sun warke. Ni jikina lafiya, amma labarin ba daɗi.

Wasiƙarki ta iso a jiƙe sharkaf, tawada ta zuba a tsakiya. Na gane maganar zubar da yashi, na gane dusar katako mai zurfi. Daga nan sai baƙi-baƙi, abin da na iya tsinta kawai “itacen sida”, “ta cika shagonka”, da “ƙamshinta”. Na ce madalla, Yaya ta hutar da ni. Na gogo sabuwa fil daga katako mafi kyau, falo ya ɗauki ƙamshi.

Maganar akwatin roba kuwa na ga ba sai an kai ga haka ba. Ina kafinta, ’yata ta zo ta tarar da abinta a robar takalmi? Na dai rage fitila, na sa masa kwali. Krista ba ta ga gyaran ba, Asabar ɗin da ta wuce suna da wasan makaranta.

Tun da na zuba dusar bai zauna ba. Sai zagaye, yana goga hanci a gilashi. Na ɗauka ƙarfi ya samu. Ɗazu da na dawo daga shago na ce yau sai ya ci. Na narkar da ɓera, na miƙa, ya kau da kai. Na bi shi da shi, ya yi huci. Raina ya ɓaci, na sa hannu na ɗauke shi, karo na farko a rayuwata, na kai masa ɓeran bakinsa.

Yaya, sai ya fara murɗewa a tafin hannuna kamar an zuba masa ruwan zafi. Ya birkice, cikinsa ya kalli sama, baki ya wangame, harshe ya zubo waje. Wani wari ya tashi, warin mushe sak. Na ajiye shi a tebur, na kira sunansa kamar wawa. Ko motsi. Ina jin matse shi na yi, kin san hannuna.

Na yayyaga jarida na shimfiɗa a kwalin takalmi, na kwantar da shi, na ɗaure da igiya, na ɗora kan kanta a shago. Ana ruwa yanzu. Gobe da safe zan binne shi gindin tuffar nan ta bayan gida.

Krista ba ta sani ba. Na nemo lambar mutumin Omaha. Ya ce akwai sauran ’yan uwansa, kuma duk kamarsu ɗaya. In na tashi da wuri zan je in dawo kafin Asabar. Kada ki yi min wa’azi. Shekara guda na yi ina kallon ƙofar nan, ba zan koma ba.

Lyle


A teku
Satumba, ban san ko nawa ga wata ba

Lyle,

Ina lafiya, ba lokacin doguwar gaisuwa. Jirgin mai ne ya kawo mana wasiƙu, shi zai koma da wannan.

BAI MUTU BA! Likimo ya yi! Halinsu ke nan. In burga ta ƙi ci sai su birkice, su buɗe baki, su saki wari, don mai neman cinye su ya ɗauka mushe ne. Duk yaron da ya taɓa riƙe irinsu ya san wannan. Da ka bar shi a tebur ka fita shan kofi, da ka dawo ka tarar yana yawo.

Na karanta wurin tuffar nan har idona ya yi ja. Na san kafin wannan ta iso ka ƙasa ta daɗe da rufe shi. Babu waya a nan, na roƙi mai rediyon jirgi ya ce sai in mutum ne ya mutu. Tun ɗazu nake yanka kifi ina ganin abin nan yana farkawa cikin duhu.

Kuma sida! KADA na rubuta! In ba ka iya karanta layi ba, ba sai ka tambaya ba? Ga yarinya nan da ta san abinta, ga shagon dabbobi a bakin titinku.

Amma ina, kai ba ka tambaya. Ka ji rabin magana ka ɗauko guduma. Haka Colleen ta yi shekaru tana cewa ka zauna ku yi hira, kai kana can kana ƙara mata baranda. Yanzu kuma za ka sayo wa ’yarka ƙarya daga Omaha. In ka yi haka, ta gane, kuma za ta gane, to ba maciji kaɗai ka binne ba.

Rhonda


Kearney
Satumba, ranar Lahadi

Yaya Rhonda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ji daga gare ki ba tukuna, na san teku ce. Ki yaga wasiƙata ta baya ki zuba wa kifaye. Shebur na nan da ransa!

Bari in ba ki daga farko. Da safen na haƙa rami gindin tuffa, na ɗauko kwalin, na tsaya a kai. Sai na ga ba ni da hurumin binne abin da ba nawa ba. Na mayar da shi kanta, ko kwance igiyar ban iya ba. Omaha ma na kama hanya, na kai har Grand Island, na sha mai, na juyo. Ban san yadda zan kalli idonta in ce ga Shebur ba.

Jiya na je Hastings, gidan uwarta, ɗauko Krista. Sai da muka fita gari na ce, “Krista, akwai magana. Shebur ya mutu. Ni na kashe shi.”

Ta ce, “Ta yaya ya mutu?”

Na faɗa mata duka, ban rage ba.

“A rigingine?”

“E.”

“Baki a buɗe, harshe a waje, yana wari?”

“Wa ya gaya miki?”

Ta juyo gaba ɗaya ta kama min hannun riga. “Ka binne shi?”

“A’a, yana kan kanta.”

“To taka motar nan, Baba! Tafiya kake kamar mai rakiyar gawa!”

Ko tsayawa ban gama yi ba ta dire. Ta yanke igiyar da wuƙar shago, ta ɗaga murfi. Babu komai sai jarida. Ta ɗaga jaridar a hankali, sai ga ɗan hancin nan ya leƙo, harshe na wilƙawa. Na zauna kan buhun ƙusa.

“Tsaya ka ga,” in ji ta. Ta ɗan taɓa shi, ya yi huci, ta sake taɓawa, sai ga shi ya birkice, ya mutu a karo na biyu. Ta sa yatsa ta kifa shi daidai. Nan take ya sake juyawa a rigingine. Ta kifa, ya juya. “Ka taɓa ganin gawa mai gardama?”

Na yi dariya har da hawaye. Ita ba ta yi ba.

“Na gaya maka wannan ranar farko,” ta ce. “A nan, a wurin nan. Na ce yana mutuwar ƙarya, kada ka tsorata. Na ce ƙaramin akwati. Kana riƙe da tef kana cewa to, to, to.”

Muka shiga falo, ta ja hanci sau ɗaya, ta dube ni. “Wa ya ce ka zuba sida?”

“Gwaggonki.”

“Gwaggo Rhonda? Ko a mafarki. Kawo takardar.”

Ta ɗaga ta a hasken taga, ta nuna min inda “kada” ya bar inuwarsa. Na ce to, yau ke ce oga, ni yaron shago, faɗi in yi.

Haka muka wuni. Ta zaɓi akwatin roba, ta zaɓi dusar asfen, ta sa na mayar da ƙaton bakin injin huda na ɗauko mafi ƙanƙanta. “Nan. A’a, sama kaɗan.” Muka sa shimfiɗar ɗumi a gefe ɗaya, ta ajiye ma’auni a ciki, ta ƙi yarda har sai da ya tsaya inda take so. Muka kai akwatin ƙaramin ɗakin nan na baya. Da ta sake shi, ya sa hanci a dusar, kafin ƙiftawar ido ya ɓace.

Na ce, “Shi ke nan? Duk wahalar nan ko ganinsa ba za mu yi ba?”

Ta ce, “Shi ke nan. Yanzu ne ya ji daɗi.”

Har yanzu bai ci ba, kuma ya rame, ana ganin layin bayansa. Amma zai ci. Na tabbata.

Ƙanenki,
Lyle


Dutch Harbor
Tsakiyar Oktoba

Autana,

Ina gaishe ka da kyau, ya jiki, ya bayan? Ya Krista? Ni lafiya, sanyi ya fara cizo, saura kaɗan mu rufe kakar bana.

Wasiƙarka ta Lahadi ta daɗe a ofis tana jirana. Na karanta a bakin tasha na yi ihu har wani direba ya fito ya ga ko lafiya. Gawa mai gardama! Yarinyar nan jinina ce, ba naka ba.

Sai dai na duba ko akwai wata bayanta, babu. Na lissafa na ga tawa mai zafin nan ta iso ka bayan komai ya wuce. Na buga waya daga tasha, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Lyle, cikin fargaba na rubuta, ina zaton ka binne shi da rai. Maganar Colleen ba tawa ba ce da zan tsoma baki. Kai da ka juyo daga Grand Island ba tare da kowa ya ce maka uffan ba, ba ka cancanci wannan daga gare ni ba. Ka zage ni in kana so, amma ka rubuto.

Maganar abinci. A daji kwaɗi ne abincinsu, wasu jariran ba sa gane ɓera abinci ne sai an yaudari hancinsu. Ku samo kwaɗo kafin sanyi ya kore su. Ba shi za ku ba shi ba, na daji na ɗauke da tsutsa. Ku ajiye kwaɗon cikin ɗan ruwa ya jima, ku tsoma ɓeran a ruwan. In ba kwaɗo, ruwan kifin gwangwani mara gishiri ma yana yi. Ku sa shi da ɓeran cikin kofin nan da ya zo a ciki, ku rufe, ku ajiye cikin akwatinsa, ku bar ɗakin. In ya ci, kwana biyu ba mai taɓa shi, in ba haka ba ya amayar. Daga nan duk bayan kwana biyar ko makamancin haka. In kuma ka ga idonsa ya yi fari-fari kamar hazo, saɓa zai yi, ba makancewa ba ce, kada ka sake haƙa rami.

In ya ci gaba da ramewa, ku kai shi wurin likitan dabbobi, kada a tsaya jiran wasiƙata.

Yayarka mai kaifin baki,
Rhonda


Kearney
Farkon Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Lafiyarmu ƙalau, an gama girbin masara, sanyi ya sauko. Ina fata wannan za ta same ki kafin ki hau jirgin sama.

Gaskiya ne, wasiƙarki ta ƙona ni. Na ajiye ta cikin akwatin kayan aiki na yi makonni ban ɗauki biro ba. Wayarki ma ina ji tana ringi. Ba don ƙarya kika faɗa ba ne na yi fushi. A bar maganar, ta wuce.

Ya ci, Yaya!

Kafin taki ta ƙarshe ta iso, Krista ta riga ta karanto maganar kwaɗo a laburare. Wata Asabar da rana ta ɗan yi zafi muka sauka bakin Platte da bokiti. Kwaɗin duk sun shige maɓoyarsu saboda sanyi, muka yi ta ɗaga itatuwa. Na zame na zauna daram cikin laka, ta yi dariya har ta riƙe ciki. “Baba, kai ne kwaɗon, shiga bokitin!” A can ne, muna tsugune, ta ba ni labarin makaranta, da ƙawarta da suka ɓata, da wani yaro mai busa ƙaho a ƙungiyar kiɗa wanda wai ba ta damu da shi ba amma ta ambace shi sau ba adadi. Na rufe bakina na saurara. Daga ƙarshe muka sami wani ɗan tsoho ƙarƙashin kututture.

Muka yi yadda ake yi, muka rufe kofin, muka fito. Ta ajiye kujera a ƙofar ɗakin ta zauna kamar ɗan sanda. “In ka taɓa mariƙin ƙofar nan, sai na kira Gwaggo.” Na soya mana ƙwai, na ƙone su. Da lokaci ya yi ta shiga ita kaɗai. Sai na ji, “Baba! Baba, zo!” Ɓera babu. Shebur na kwance da ƙulli a tsakiyarsa kamar ya haɗiye wake. Kwaɗon muka mayar inda muka ɗauko shi. Tun daga ranar bai tsallake ci ba, na baya-bayan nan ma ba mu sa masa ruwan kwaɗo ba. Ya yi saɓa guda, ta fita ɗungurungum, Krista ta manna ta a ƙofar firij.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Lahadin da ta wuce na mayar da ita Hastings, ta shige ciki, Colleen ta fito karɓar jaka. Na daɗe ina juya wata magana. Ƙanƙara na zuwa, hanya za ta yi wuya, wasu Asabar ɗin ba za ta samu zuwa ba. Yarinya da abinta, a ce sai ƙarshen mako take ganinsa? Na san abin da zan rasa, amma na faɗa.

“Colleen, akwatin nan ƙarami ne, ba wari, ba ƙara, ba ya fita. Ki yi haƙuri ki bar ta ta ajiye shi a ɗakinta.”

Ta dube ni kamar na yi wani yare. “In bar ta? Wa ya hana ta?”

“Ta ce kin ce ba a gidanki ba.”

“Ni? Ni fa na kai ta Omaha, Lyle. Har wuri na share mata a kan kanta kusa da gadonta. A hanyar dawowa ta ce a’a, gidan Baba za a kai shi, wai ɗakinta ya cika sanyi.” Sai na ga ta gane daidai lokacin da na gane: dalilin zuwa wurina yarinyar take nema. Ta karɓi jakar ta ce, “Kada ka nuna mata mun yi maganar nan.”

Na ja mota, ban yi nisa ba na tsaya gefen wata gona da aka girbe. Na jima a wurin. Ba sai na faɗa miki abin da na yi ba.

Jiya ta zo. Ban nuna mata na sani ba. Muna canza dusar akwatin, tana riƙe da Shebur yana zagaya yatsunta, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Baba, ka san irinsu suna kai shekara sha biyar? Wasu ma har ashirin.”

Na ce ban sani ba.

“To ka sani. Aiki ne babba fa. Za ka iya?”

Na ce, “Ina nan.”

Ta ce, “To miƙo min kwalin can.”

Ki faɗa min ranar saukarki, mu zo Omaha mu ɗauke ki, mu biyu. Ki taho da kyafaffen kifi mai yawa. A kan kujerar falo za ki kwana, ɗakin baya ya yi masu shi.

Ƙanenki har kullum,
Lyle